Layin Jan Fenti

Da Kafinta ya san abin da safiyar nan ta ƙunso, da tun da ya ji ƙarar gwangwanin fenti a ƙofar ɗakinsa ya ja bargo ya koma ya kwanta. Amma tsautsayi ba ya sallama. Kafin rana ta take, za a fita da mutum ɗaya daga gidan hayar nan a kwance, a bar sauran a tsaye suna nuna juna da yatsa.

Gidan ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida ɗaya. Famfo a tsakiya, igiyoyin shanya sun ratsa ta sama, ga ƙofar ƙarfe da ake kullewa tun da aka sa dokar zaman gida saboda annoba. Kafinta yana can lungun ƙarshe, ciki da falo, shi da 'yarsa. Matarsa ta je duba ƙanwarta a wani gari aka rufe hanyoyi, sai dai waya.

'Yar tasa ma'aikaciyar jinya ce. Duk gidan Nas suke ce mata, shi kaɗai yake kiranta Uwata. Da can babu ɗakin da ba ta shiga ba: allurar wancan, wankin ciwon wannan, awon hawan jinin Ciyaman kuwa kusan kullum, kyauta, har da shayi ake ba ta. Ranar da aka mai da ta sashen masu annoba a asibiti, gaisuwa ta fara gajarta. Ranar da abokiyar aikinta ta kamu, aka ɗauki gwajin Nas aka ce ta killace kanta a gida har sakamako ya fito, gaisuwar ta mutu gaba ɗaya. Kafinta ya bar mata uwar ɗaki, shi yana kwana a falo. Yana ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ya kasa kunne yana jiran ya ji ko za ta yi tari. Ko gyaran murya ta yi sai ya miƙe ya manna kunne a ƙofar.

Ciyaman shi ne shugaban 'yan haya. Makullin babbar ƙofa yana hannunsa, kunnen mai gida ma yana hannunsa. Shi ya tara mutane jiya a bakin famfo, kowa da takunkumi a fuska, aka yanke hukunci ba tare da an kira Kafinta ba: za a ja layi a gaban lungunsu, ba mai ƙetarawa ciki, su ma ba su fitowa sai kowa ya gama ɗiban ruwa. In kuwa Nas ta kuskura ta sa ƙafa a tsakar gida, a ranar za su kwashe kayansu. Kafinta ya san ba wasa ba ne. Ya kuma san babu mai ba shi ɗaki a garin nan yanzu, da 'ya irin wannan a bayansa.

Ya buɗe ƙofa ya tarar da Ciyaman a sunkuye, tumbinsa na taɓa gwiwa, yana jan jan fenti a kan siminti.

"Ina kwana, Ciyaman."

"Riƙe kwananka. Koma ciki, kar ka busa mini numfashi."

"Buroshin nan ai nawa ne. Tun bara ka ara."

"To ga shi yana yi maka aiki."

Daga bakin famfo aka yi dariya. Matar Ciyaman tana can da bokiti, ga Tela da ke ɗakin tsakiya, ga babban ɗan Ciyaman da ake kira Soja, wanda bai taɓa shiga soja ba, tafiyar kawai ya iya.

"Yanzu Uwata ce ta zama abin gudu?" in ji Kafinta. "Yarinyar da ta tashi a gabanku?"

"Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," in ji matar Ciyaman. "Mu muna da yara ƙanana. Da aikin ya ishe ta ai sai ta kwana can wurin marasa lafiyarta."

"Ƙuraje kika fito da su bara, wa ya wanke miki baya?"

"Kai Kafinta, iya bakinka!" Soja ya daka masa tsawa. Da can Baba Kafinta yake cewa. Baban ya faɗi a hanya tun makon jiya.

Ciyaman ya ja layin daga bango zuwa bango. Sai da ya kai ƙarshe Tela ya lura.

"Ciyaman, ai kai kana ciki! Ka kulle kanka a ɓangarensu."

Gaskiya ne. Garin neman inuwa ya tsaya ta gefen ɗakin Kafinta yana shafawa, ga layin a gabansa ɗanye shakaf yana ƙyalli.

"To me? Ba tsallakewa zan yi ba?" Ya miƙe yana haki, gumi ya jiƙa masa takunkumi, ya ja shi ƙasan haɓa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai ya tsaya haka, ya dafe ƙirji kamar mai laluben aljihu. Buroshin ya faɗi. Ya yi baya, ya zube gaba ɗayansa a ƙofar Kafinta, ƙeyarsa ta bugi siminti.

Matarsa ta yar da bokiti ta rugo tana salati. Da ta zo bakin layin sai ta ci birki, kamar wadda ta ga rijiya. Soja ma ya tsaya a gefenta. Tela ya ja baya.

"Ita ce! Cutar ce! Ta kama shi!" in ji Tela. "Haka suke faɗuwa, na gani a waya."

"Maigida! Maigida, tashi ka fito!" Matar tana kira tana miƙa hannu, ƙafarta ba ta motsa ba.

Soja ya ruga ya ɗauko sandar da ake tokare igiyar shanya, ya miƙa yana ƙoƙarin saƙalo ƙafar wandon ubansa ya jawo shi. Mutum kamar buhun siminti uku, ina sanda za ta ja shi? Takalmi kawai ya zare.

Kafinta yana tsaye a ƙofa. Abin da ya zo masa shi ne ya shige ya sa sakata. In cutar ce fa? In ya taɓa shi ya kwaso, ya kai wa Uwata a kwanon abinci, alhali ƙila ita lafiyarta ƙalau?

Labulen tagar uwar ɗaki ya yaye. Fuskar Nas ta bayyana a bayan ƙarafan taga, da takunkumi.

"Baba, yana motsi?"

"Saki labulen nan, Uwata. Babu ruwanmu."

"Baba, bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi."

"Na ce babu ruwanmu. Ga matarsa, ga ɗansa."

"Suna can, kai kana nan. In ba za ka je ba ni zan fito."

Ya ji ƙarar makulli a ƙofar ciki. Nan take ya ga kayansu a bakin titi, katifa da akwatin aikinsa da ita a zaune a kai, babu mai tsaya musu.

"Kar ki buɗe! Na rantse in kika buɗe ƙofar nan ban yafe ba. Zan je."

Ya gyara takunkuminsa ya durƙusa. Ya bubbuga kafaɗar mutumin da ya ce masa ya riƙe kwanansa.

"Ciyaman! Ciyaman!"

Shiru.

"Kar ka kai kunnenka bakinsa," in ji Nas. "Ƙirjinsa za ka kalla. Yana hawa yana sauka?"

Ƙirjin bai motsa ba. Can sai bakin ya wage, wani gurnani ya fito kamar na rago a hannun mahauci, ya sake yin shiru.

"Yana numfashi!" matar ta ce. "Kun ji! A watsa masa ruwa! A ɗura masa ruwa!"

"Mama, wannan ba numfashi ba ne. Kar a ba shi komai a baki, zai shaƙe. Zuciyarsa ce ta tsaya."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Muguwa! Ke kika sa masa, yanzu kina yi masa fata!"

Nas kuwa ta riga ta kira asibiti. Waya tana kunnenta tana kwatanta wa motar asibiti layin gidan. Ta zuro wani siririn ɗankwali ta taga.

"Baba, shimfiɗa masa wannan a hanci da baki. Kar ka danne, ɗora kawai. In akwai cutar, ba za ta feso maka ba in kana danna shi."

Kafinta ya warware ɗankwalin ya rufa wa Ciyaman. Ai kuwa kamar ya zuba fetur a wuta. Matar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, ta zube a bakin layin tana birgima.

"Sun rufe masa fuska! Ya mutu! Wayyo ni, sun rufe shi!"

Ƙofofi suka buɗe. Mata suka fara kuka daga nesa, kowa a ƙofar ɗakinta. Wani ma har ya fara kiran waya yana sanar da rasuwa.

"Bai mutu ba tukuna!" Nas ta ɗaga murya, amma kukan ya fi ƙarfinta. "Baba, rabu da su. Ɓalle maɓallan rigarsa. Tsakiyar ƙirji, kan ƙashin nan. Sa tushen tafin hannunka, ka ɗora ɗayan a kai. Miƙe gwiwar hannu, kar ka lanƙwasa. Da nauyin jikinka za ka danna, kamar kana danna katako a kan benci."

Ya danna a hankali, yana jin kunyar naman mutum a ƙarƙashin hannunsa.

"Ba shafa za ka yi ba, Baba! Da ƙarfi, ya lotsa sosai, ka sake shi ya taso, ka sake dannawa. Bi wannan."

Ta ɗauko cokali ta fara buga ƙarfen taga, ƙwan, ƙwan, ƙwan, da sauri kamar mai kiran yara makaranta. Kafinta ya bi. Hannunsa ya saba da zarto da guduma, ya san yadda ake sa jiki a aiki. Tumbin Ciyaman yana girgiza, ɗankwalin yana ɗan ɗagawa yana komawa.

"Me yake yi masa?" in ji Tela. "Gawa yake duka?"

"Ramuwa ce," wata ta ce daga ƙofarta. "Haushin layin nan ne."

"Kai Kafinta, ɗaga shi!" Soja yana zirga-zirga a bakin fentin kamar kare a ɗaure. "Na ce ka ɗaga ubana!"

"Zo ka ɗaga ni," in ji Kafinta, bai ɗago kai ba.

Sai wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin tafinsa, ƙarar da ya sani, ta busasshen katako in ya tsage. Hannunsa ya tsaya cak. Duk tsakar gidan an ji.

"Uwata, na karya shi."

"Haƙarƙari ne, yana faruwa. Ƙashi yana ɗoruwa, Baba. Kar ka tsaya!"

Bai kai ga komawa ba Soja ya tsallako. Ƙafarsa ta taka ɗanyen fentin, ya bar jan sawu har inda suke. Ya shaƙo wuyan rigar Kafinta ta baya, ya kai masa naushi a kunne. Kafinta ya ga wuta. Ya faɗi gefe, takunkuminsa ya karkace. Soja ya fizge ɗankwalin daga fuskar ubansa, ya ga leɓɓan sun yi toka-toka, idon a buɗe ba ya kallon kowa. Nan tafiyar soja ta ƙare. Ya tsaya a durƙushe.

Ƙarar makulli ta sake tashi a ƙofar ciki.

"Uwata, zauna inda kike!" Kafinta ya yi kururuwa. Ya rarrafo, kunnensa na ƙara, ya mai da ɗankwalin, ya cafki wuyan hannun Soja da ƙarfin da yake riƙe katako. "Tunda ka shigo, ka shigo. Hannuna ya mutu. Sa nan. Ɗora ɗayan. Danna, ɗan banza, ba ubanka ba ne?"

"Sake ni!"

"Yaya Soja, ko ka danna ko ka matsa," in ji Nas, cokalin bai daina ba. "Duk tsayawar da aka yi, ƙwaƙwalwarsa ce take mutuwa."

Ya danna. Yana dannawa yana zagi, ya zagi Kafinta, ya zagi Nas, ya zagi asibitin da ya ɗauke ta aiki, hawaye na bin takunkuminsa. Da ya fara sanyi Kafinta ya ture shi ya karɓa. Da Kafinta ya gaza shi ya karɓa. Ba wanda ya ce wa wani sannu. Rana ta zagayo ta cinye inuwar lungun, gumi yana ɗiga a ƙirjin Ciyaman, ba a san na wa ba ne. Uwar Soja tana kuka tana cewa ɗanta ya fito kar ta yi asarar biyu.

Da jiniya ta tsaya a waje sai aka tuna babbar ƙofa a kulle take, makullin kuwa yana aljihun Ciyaman. Kafinta ya lalubo ya jefa wa Tela. Tela ya goce, makullin ya faɗi ƙasa. Sai da ya nemo leda ya sa a hannu sannan ya ɗauka, ma'aikatan suna ta bugun ƙofa.

Su biyu suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a bayan gilashi. Suka taka layin ba su ma san da shi ba. Suka manna wa Ciyaman wasu faifai masu waya a ƙirji, aka ce kowa ya janye hannu, jikinsa ya zabura. Suka ci gaba da dannawa, suka sake. Can ɗayar, mace ce, ta dafa gefen wuyansa ta daɗe.

"Akwai bugu. Kaɗan ne, amma akwai."

"Zai tashi?" in ji Soja.

"Ban sani ba. Wa ya fara danna shi?"

"Wancan," in ji matar Ciyaman tana nuna Kafinta. "Ku rubuta. Shi ya karya masa ƙirji, kowa ya ji. 'Yarsa kuma ita ta kawo mana cutar."

Ma'aikaciyar ta dubi Kafinta ta ce ya kyauta, amma a gajiye ta faɗa, tana naɗe waya, ba wanda ya ji sai shi. Ta ce ba a bin mara lafiya asibiti yanzu, za a kira su. Shi da saurayin su wanke hannu da sabulu, su sauya kaya, su nisanci mutane har a ga gwajin mutumin. Aka ɗora Ciyaman a gadon ɗauka aka fita da shi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Soja ya juya zai nufi ɗakinsu. Tela ya ɗaga hannu daga nesa.

"A'a. Doka doka ce. Ubanka ne ya kafa ta."

"Ni za ka hana shiga ɗakinmu?"

"Kai ka taɓa su. Muna da yara."

Soja ya dubi uwarsa. Ta sunkuyar da kai, ta ce ƙannensa suna ciki, ya yi haƙuri, za ta miƙo masa tabarma da abinci. Ya tsaya a tsakiyar lungun yana huci kamar zai fashe.

Kafinta ya fito da bokitin ruwan da ya ɗiba tun jiya da sabulu, ya wanke hannu har gwiwa, ya tura masa sauran da ƙafa.

"Kar ka ɗauka mun shirya," in ji Soja yana wankewa. "In ya mutu, kai ka kashe shi, kuma sai na kai ka inda za ka yi bayani. In ya tashi, shi da kansa zai watsar muku da kaya."

"Ni dai 'yata ba ta fito ba. Kowa shaida ne."

"Muryarta ta fito."

Kafinta ya shiga falo ya tura ƙofa. Ya cire rigar ya ƙulle a leda. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙofar uwar ɗaki.

"Baba, kunnen yana jini?"

"Ba ya yi."

"Ƙarya kake, na gani ta taga. Sa tsumma mai tsabta ka danne."

"Uwata, da gaske da kin fito?"

"Da na fito."

"Ko da za a kore mu?"

Sai ya ji ta yi tari, sau ɗaya, gajere. Ya daina numfashi yana saurare.

"Ihun da na yi ne, Baba. Maƙogwarona ya bushe."

"To sha ruwa."

Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ya kalle ta har ta katse, don bai san ta inda zai fara ba. A waje ana ta muhawara a bakin famfo, wasu na cewa a kira mai gida yau ɗin nan, wasu na cewa a jira a ji daga asibiti.

Har rana ta faɗi asibiti ba su kira ba. Ba a san ko Ciyaman zai farfaɗo ba, ba a san ko annobar ce ta kayar da shi ko zuciyarsa ce kawai ba. Sakamakon gwajin Nas bai fito ba, kuma Kafinta bai san ko za su kai ƙarshen mako a ɗakin nan ba.